Ƙungiyar da Ba Ta Ɗaure Hannu

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ruwa ya kafa duwatsu a tsakiyarsa, Ya raba wa bayi sana'o'i kamar yadda Ya raba musu kwanaki. Bayan haka, ni ne Nomau ɗan Shekarau, mutumin Birnin Zarnuwa, falke ɗan falke. Allah Ya yi ni da dogon buri da kaifin baki, kuma waɗannan biyun ne suka kai ni inda za ku ji.

Ina da ƙane guda, Cindo, mai yatsu shida a hannu, uwa ɗaya uba ɗaya. Magini ne, tukwane yake yi, yana da mata da 'ya'ya uku, bai taɓa neman abin da ya wuce tuwon gidansa ba. Ni na zauna masa a ƙofar gida wata biyu ina ba shi labarin jan gishirin Tsibirin Kalgamu, wanda ɗan abin da yatsu biyu suka ɗebo ke tsare naman sa guda shekara bai ruɓe ba, sarakuna kuma na sayensa da nauyinsa na zinariya. Na yi ta yi har ya gaji ya ɗaura laya ya biyo ni. Ba gishirin ya biyo ba, kunyata ya ji.

Muka keta Dajin Kurame, inda itatuwa ke sunkuyowa su danne duk abin da ya yi ƙara. Muka naɗe kofaton jakuna da tsummoki, muka yi kwana tara ba wanda ya ce uffan. Shirun bai dami Cindo ba, ni kuwa saura kaɗan in fashe. Muka ratsa ƙasar Banu Tsaye, waɗanda ke barci a jingine da bango don tsoron tururuwar da ke ɗauke mai kwance ta kai shi rami. A can Cindo ya gina mana manyan randuna biyu, muka riƙa kwana a ciki muna rufe baki da faifai. Daga nan muka sayar da jakunan, muka shiga jirgin fito a gaɓar Bahar Mai Numfashi, tekun da ke kumbura sau ɗaya a wata kamar ƙirjin mai barci. Kwana goma sha bakwai muka yi a kan ruwa kafin mu hango Kalgamu.

Tsibirin dutse ne tsagwaronsa, mutum na iya zagaye shi daga hantsi zuwa azahar. Babu sarki a cikinsa, babu alƙali. Ƙungiyoyin sana'a goma sha biyu ke riƙe da shi: 'yan rami masu haƙo gishiri, masu tufka igiya, masunta, masassaƙa, masaƙa, masu rijiya da sauransu. Kowace ƙungiya na da zaurenta da shugabanta. Ita ke ciyar da marayun 'ya'yanta, ita ke ɗaukar tsohon da hannunsa ya daina aiki, ita ke tsaya wa ɗanta in an zalunce shi. Ban ga mai bara ko ɗaya a tsibirin nan ba. Amma wanda ba shi da ƙungiya ba shi da rabo a rijiya, rijiyar kuwa guda ce. Baƙo ana shayar da shi kwana bakwai, daga nan sai ya kama hanya.

Abin al'ajabin wurin shi ne kayan aiki sun san hannun masu su. Gatarin masassaƙi a hannun masunci ba ya ko ɓare ɓawo. Igiya kuwa hannu biyu kawai ta sani, na wanda ya tufka ta da na 'yan ƙungiyar da aka miƙa wa ita.

Muka sauka da murna, muka tarar ba ko ƙwayar gishiri a kasuwa. 'Yan rami sun ɗaure hannu. Haka suke kiran yajin aikinsu: kowannensu ya ɗaure babban yatsansa na dama da jan zare, ya zauna a zaure. Kwana arba'in kafin zuwanmu igiya ta tsinke da ɗan shugabansu, ya faɗa rami ya mutu. 'Yan rami suka ce ruɓaɓɓiyar igiya aka ba su. Masu tufka suka ce su ne suka bar ta cikin gishiri ba wanki har ta cinye. 'Yan rami suka rantse ba mai sake leƙa rami sai masu tufka sun zo zaurensu sun durƙusa. Masu tufka suka rantse ko ƙulli ɗaya ba zai sake zuwa bakin rami ba.

Na yi haƙurin kwana huɗu, wanda a wurina babban haƙuri ne. A na biyar, da hantsi, na ja Cindo muka hau bakin babban ramin. Zurfinsa gaba arba'in ne, amma a kan wani ɗan tudu da ya fito daga jikin bangon, kamar gaba uku daga sama, ga gishiri nan jajir yana ƙyalli.

"Ka fi ni rashin nauyi," na ce. "Sauka ka cika mana burgami ɗaya, gobe mu kama hanyar gida."

"Yaya, mutanen nan ba su bar wurin nan a banza ba. Mu jira su shirya."

"Mu jira? Kwana biyu ya rage mana a rijiyarsu. Ka baro 'ya'yanka shekara guda don ka koma musu da labari?"

Ya dube ni, ya tuɓe takalmi da riga ya sauka. Yana ɗora ƙafa ta biyu tudun ya ɓalle da shi. Na ji shi yana gangarawa tare da tsakuwa, ya daɗe yana gangarawa, sannan shiru. Na kwanta rub da ciki ina kiran sunansa har muryata ta dusashe. Can sai na ji shi ƙasa-ƙasa.

"Ina nan, Yaya. Ƙafata ta karye. Akwai ruwa, ya kai idon sawu."

Wata mata mai kiwon awaki ta ji ihuna ta matso. Da ta leƙa sai ta dafe ƙirji. "Wayyo, baƙo, yau ce ranar numfashin teku. Ta ƙarƙashi ruwan ke shiga. Kafin la'asar ya shanye tsayin mutum biyu."

Na warware rawanina, na kekketa rigata da tasa da ya bari, na ƙulla su duka. Ba su kai gaba goma ba. Na ruga gaɓa, na tarar da wani masunci ya shanya doguwar igiya, na sure ta na sheƙa. Ban yi taku ashirin ba na ji ta yi laushi a hannuna, ta warware ta zama tarin zare. Masuncin bai ko bi ni ba. Ya tsaya yana kallona da tausayi, abin da ya fi duka ciwo.

Na faɗa zauren 'yan rami ba sallama. Sun kai su sittin zaune, kowa da jan zare a yatsa. Shugabansu, Gagarau, ƙaton dattijo ne wanda gishiri ya cinye wa gira. Na zube gabansa na faɗi abin da ya faru, ban ɓoye laifina ba.

"Yana magana?" ya tambaya.

"Yana yi, Baba."

Ya rufe ido. "Nawa bai yi ba." Sannan ya ɗaga yatsan mai jan zare. "Ka ga zaren nan? Duk wanda ya kwance shi kafin ƙungiya ta kwance, an cire shi, shi da 'ya'yansa da jikokinsa. Ba rijiya. Fito da ɗan'uwanka aikin mutum takwas ne. Nuna mini gidaje takwas da kake so su mutu da ƙishirwa, in tashe su."

"Ku kwance gaba ɗaya mana! Yini ɗaya kawai!"

"Mu kwance, gobe a sake ba mu igiyar da za ta kashe wani? Kuma da me za mu sauka? Je ka ce wa matar can ta zo ta durƙusa, yanzu mu tashi."

Matar can ita ce Yalwa, shugabar masu tufka. Na same ta a rumfarsu tana murza zare a cinya, igiyoyi rataye bayanta kamar hanjin sa a mahauta. Ta saurare ni hannunta bai tsaya ba.

"In na durƙusa na amsa cewa mun kashe yaron nan," ta ce. "Wadda ta tufka igiyar na da 'ya'ya biyar. Ranar da na amsa, ranar za a kore ta. Kuma wallahi igiyarta lafiyayya ce, ni na gwada ta da hannuna."

"To sayar mini, Inna. Ko nawa."

"Ka riga ka ga abin da igiya ke yi a hannunka, ai labari ya riga ka zuwa. Kai ɗan wace ƙungiya ne?"

"Ni falke ne."

"Ba mu da wannan."

Na je wa masassaƙa su haɗa mini tsani, suka ce abin da ya shiga rami na 'yan rami ne. Na je wa magina, na je wa masunta, na bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya tashi tsaye ya karɓe ni, wasu har da hawaye, kowa kuma ya nuna mini ƙofar wani. Aka ce babbar majalisar ƙungiyoyi ce kawai ke iya yanke magana irin wannan, tana kuma zama ne da tsayuwar wata, saura kwana goma sha huɗu. Na zagi majalisar, na zagi tsibirin, na zagi wanda ya fara tufka igiya a duniya.

Rana ta take tsaka na koma bakin ramin.

"Ruwan ya kai ƙugu," in ji Cindo. "Na jingina da bango a kan ƙafa ɗaya. Sun ce me?"

"Suna zuwa," na ce.

"Yaya, ba ka iya ƙarya ba in kana kuka."

Ina nan kwance na ji an zungure ni da sanda. Wata tsohuwa ce ƙanƙanuwa, hannayenta farare fat kamar na mai wanki. Na lura mai awakin nan ta ja baya ta ba ta hanya.

"Tashi, kuka ba ya ɗebe ruwa," ta ce. "Sunana Tabawa. Ƙungiya goma sha ɗaya ka zagaya, ka tsallake tawa."

"Wacce ce taki, Gwaggo?"

"Masu wankan gawa. Ni ce shugaba, ni ce mabiya, shekara tara ke nan ni kaɗai. Mu ba ma ɗaure hannu, ba kuma a ɗaure mana. In mai wanka ya hau dutsen kasuwa ya kira sunan mamaci, kowace ƙungiya dole ta ajiye rigimarta ta kawo abin da ya wajaba a kanta har a ba shi gawarsa. Ba wanda za a kora don ya amsa wannan kiran."

Na kama ƙafafunta. "Kira shi, Gwaggo! Kira shi yanzu!"

"Shekara hamsin ban kira mai rai ba, ba zan fara yau ba. Amma ƙofar ƙungiya a buɗe take. Wanda ya shiga, kiransa kira ne." Ta danne kafaɗata da sandar kafin in miƙe. "Tsaya, mai gaggawa, ji sauran. A nan wanda aka kira ya mutu, ko yana tafiya da ƙafarsa. Ba mai yi masa magana, ba mai sayar masa, ba jirgin fito da zai ɗauke shi. Ba mu da ƙasar binnewa, saboda haka kafin rana ta sake takewa za a sa shi a kwalekwalen matattu a tura shi teku. Kai kuma, daga ranar da ka rantse, duk jirgin da ka taka sai ya sha ruwa. Nan za ka tsufa. Ba zan ɓoye maka ba, ina neman wanda zai wanke ni ne."

Na so in yi ciniki, don jinin fatauci ba ya barin mutum. Na buɗe baki, sai muryar Cindo ta taso daga ƙasa, ba da ni yake ba, salati yake yi. Na miƙa mata hannayena biyu. Ta zuba musu ruwa daga ɗan tulunta, ta faɗi rantsuwar ina maimaitawa, na ji sanyi ya shige su har gwiwar hannu.

Ban san yadda na isa kasuwa ba. Na hau dutsen, kasuwa cike, na ɗaga hannayen da suka riga suka yi fari, na ce da iyakar muryata:

"Cindo ɗan Shekarau ya rasu. Ƙungiyoyi, ku ba ni gawata!"

Ban taɓa faɗin magana mai ɗaci kamar wannan ba, ban kuma taɓa ganin magana ta yi aiki kamarta ba. Kafin in sauko, 'yan rami sun fito daga zaure a guje, suna zare jan zaren suna ratayawa a kunne. Yalwa ta zo da kanta, mata shida ɗauke da igiya sabuwa fil a bayanta. Masassaƙa suka kafa gungume a bakin rami cikin lokacin da bai kai na dafa kunu ba. Ashe duk a shirye suke, jira kawai suke wani ya ba su hanya. Yalwa ta miƙa wa Gagarau bakin igiyar ba ta dube shi ba. Ya karɓa bai dube ta ba, ya ja ta da ƙarfi sau biyu, ya ɗaura a ƙugunsa. Wani saurayi ya ce shi zai sauka, tsohon ya ture shi.

Igiya ta yi ta tafiya. Muka ji faɗuwarsa cikin ruwa, muka ji shiru, sannan aka girgiza ta sau uku. Mutum takwas suka ja. Da suka ɓullo, Cindo na goye a bayan tsohon, jiƙe har gashin kai, leɓɓansa sun yi baƙi. Daga baya ya gaya mini ruwan ya kai masa haɓa.

Aka kwantar da shi a kan dutse. Ya kamo hannun Gagarau yana cewa, "Baba, Allah Ya saka, Allah Ya jiƙan mahaifa." Tsohon ya zare hannunsa a hankali, ya juya baya, ya ciro jan zaren daga kunne ya mayar a yatsa. Sauran suka yi haka. Yalwa ta naɗe igiyarta. Cindo ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya yana godiya, ba mai amsawa.

"Yaya, me na yi musu?"

Mai wanka ne kaɗai ke da izinin magana da gawa. Na goya shi zuwa ɗakin Tabawa, na gaya masa duka. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya dubi hannayena ya ce, "To kai fa? Me zan ce wa Innarmu?" Na ce ya ce mata na samu sana'a.

Washegari da sassafe aka fara kawo haƙƙin mamaci. Maɗori ba ya taɓa gawa, amma Tabawa ta ce miƙe gaɓoɓin mamaci aikinmu ne, ta nuna mini yadda ake yi da karare huɗu da tsumma. Cindo ya ciji tsumma har muka gama. Masu rijiya, waɗanda ke ba da tulu ɗaya na wanka, suka aje tara, kowanne an toshe bakinsa da kakin zuma. Masunta suka kawo sadakar mamaci, busasshen kifi kwando uku. Masaƙa suka kawo likkafani kamu talatin, mai kauri kamar buhu, an kalmashe gefensa an huda. Yalwa ta aiko da igiyar ɗaure shi, ta miƙa ta da sunan ƙungiyarmu da abin da ƙungiyarmu ta wanke. Masassaƙa suka kawo kwalekwale sabo, an toshe kowace kafa da ƙaro, da doguwar gora wai ta alamar kabari, da allon makara siriri mai faɗin baki. Ba wanda ya yi bayani, ba wanda ya tambaya. Gagarau ya zo ƙarshe, ya aje wani ɗan ƙunshi wajen ƙafafun gawar, ya ce da ni, "Don kada ya yi wari a hanya." Jan gishiri ne, cikin tafi guda.

Wani tsohon matuƙi ya tsaya kusa da ni yana kallon sama, ya ce kamar da kansa yake, "Matattunmu gabas ruwa ke kai su. Amma wanda ya sa rana a kafaɗar dama da safe, kwana ashirin ya ga tudu. Haka dai ake cewa. Ba wanda ya dawo ya faɗa."

Tabawa ta ja ni gefe. "Saura ɗaya. Da zarar jirgi ya bar hannunka, ka juya baya. Ko ya kira ka kada ka amsa, kada ka waiwaya. Mamacin da aka amsa wa dawowa yake yi, kuma dole masunta su bi shi su nutsar da jirgin. Ba za su so ba, amma za su yi."

Na gaya wa Cindo wannan ma. Ya ce ya ji, ba zai kira ba.

Na yi masa wankan a gaban jama'a yadda aka koya mini, dama kafin hagu. Na naɗe shi sako-sako, na ɗauke shi na shimfiɗa a jirgin. Na shiga ruwa har ƙirji ina turawa. Ya fito da hannu ta ƙarƙashin likkafanin ya riƙe wuyan hannuna, ya ƙi saki. Sai da na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, duk shidan, sannan na tura da iyakar ƙarfina na juya.

Na fito gaɓa na tsaya, fuskata ga dutse, dukan tsibirin kuwa fuskarsu ga teku. Ya cika alkawari na ɗan lokaci. Sannan na ji shi.

"Yaya!"

Na cusa hannu a baki na cije.

"Yaya Nomau! Ko sau ɗaya!"

Masunta suka sunkuyar da kai, hannayensu a kan jiragensu. Sau goma sha ɗaya ya kira ni, na ƙirga, kowane kira ya fi na baya nisa. Na goma sha ɗayan ban tabbata muryarsa ba ce ko ta tsuntsu. Daga nan sai ƙarar ruwa kawai. Ban san ko ya kife ba, ko ya gaji ne, ba kuma ni da ikon dubawa.

Wata masaƙiya da ke tsaye kusa da kafaɗata ta sa hannu ta kare rana daga idonta. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce, ba da kowa ba:

"Ikon Allah. Ga likkafani can ya miƙe a kan gora. Iska ta cika shi."

Na durƙushe a inda nake, bayana ga teku, na yi kukan da ban yi a bakin rami ba. Tabawa ta bar ni sai da na gama, sannan ta miƙo mini tulun, ta ce in tashi in koyi hanyar rijiya.

Iyakar abin da na gani ke nan, da abin da aka hana ni gani. Sanin sauran yana wurin Mai teku.